Kwas ɗin koyon kwamfuta na ƴan farko a Damagaram: abin da kuɗinka ke saya da abin da ake bari a baya

Da wuya ka wuce shagon intanet ko wurin buga takardu a Damagaram, daga Sabon Gari zuwa Zango har kewayen Kasuwar Dole, ba ka ga allo a ƙofa mai cewa ana koyar da kwamfuta ba. Jerin darussan kusan ɗaya ne duk inda ka leƙa: sanin na'ura, Windows, Word, Excel, PowerPoint, intanet, sai takardar shaida a ƙarshe. Wannan kwas na ƴan farko, wanda ake rubuta «initiation» a allonsa, shi muke aunawa a nan, ba wani shago guda ba, don kyawunsa da aibinsa sun yi kama a ko'ina. Ya cancanci kuɗinsa, wannan babu ja. Amma wanda ya shiga bai san abin da zai nema ba, zai fito ya iya buga wasiƙa, bai san inda wasiƙar ta shiga ba bayan ya rufe na'ura.

Kafin a zo ga darussa, a fara da lissafin da ba a rubutawa a allon ƙofa. Abin da kake saya awoyi ne da hannunka yake kan na'ura, ba watanni ba. A ce kwas na mako 8 ne, kwana 5 a mako, awa 2 a rana. Awa 80 ke nan. In kuɗinsa jika 20 ne, kowace awa ta tashi dala 50, wato faran 250. To, in an zaunar da ku uku a kan kwamfuta ɗaya, rabonka bai cika awa 27 ba, kuma awar ta haura faran 700 ba tare da an ƙara maka ko dala a farashi ba. Sannan a cire ranakun da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Saboda haka kada ka biya sai ka shiga ɗakin a lokacin darasi, ka ƙirga na'urorin da ke kunne (ba waɗanda aka lulluɓe da zane a lungu ba), ka ƙirga ɗalibai. Ka tambayi mai wurin ko akwai sola ko janareta, ko kwamfutocin tebur na da akwatin batirin nan da ke riƙe wuta na ƴan mintoci, kuma ko ana rama darasin da rashin wuta ya ci. Wurin da ke da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu batiri mai rai ya fi wurin da ke da manyan na'urori masu kyan gani da ke mutuwa tare da fanka. Mutum biyu a na'ura ɗaya ana iya haƙuri. Uku ya zama kallo.

Makon farko yana da abin yabo babba, shi ne bayani da Hausa. Fuskar na'ura da Faransanci take, amma malami nagari yana fassara kowane mataki, har wanda karatunsa na lakwal bai yi nisa ba ya bi. Inda ake ɓata lokaci shi ne shibtar tarihin kwamfuta da rabe-rabenta cikin littafi, kwana biyu ko uku ba a taɓa linzami ba. Ɗan farko bai buƙatar wannan. Abin da ke ba shi wuya shi ne danna linzami sau biyu a jere: hannu yakan motsa tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, sai alamar ta ja gefe maimakon ta buɗe. Maganinsa a kafa gindin tafin hannu a kan tebur, yatsa kaɗai ke motsi. Wanda ya gagara ya danna sau ɗaya ya buga Entrée, sakamakon ɗaya ne, kuma ana iya rage saurin da na'ura ke jira a Panneau de configuration, sashen Souris. Dattawa musamman suna amfana da wannan gyara, amma ba kasafai ake yi masu shi ba. Kashe na'ura kuma ana koyar da shi daidai, ta Démarrer zuwa Arrêter. Abin da ake mantawa shi ne ranar da ta daskare: kafin a danne maɓallin wuta, a gwada Ctrl da Maj (Shift a allon Ingilishi) da Échap tare, jerin manhajojin da ke aiki zai fito, a zaɓi manhajar da ta ƙi motsi a rufe ta ita kaɗai, sauran aiki ya tsira.

Allon madannai ya isa a ba shi mako guda cur, amma galibi ana haye shi a rana ɗaya. A nan Nijar tsarin Faransa ake amfani da shi, AZERTY, kuma yana da tarkuna uku da ke kama kowane sabon shiga. Lambobin layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da Maj. In ba haka ba, mai neman 2 zai ga é, mai neman 0 zai ga à. Aya ma sai da Maj, don tana zaune a saman maɓallin waƙafi mai ɗigo. Alamar @ kuwa, wadda babu adireshin imel da zai tafi ba ita, tana fitowa da AltGr haɗe da maɓallin 0. AltGr na dama da dogon maɓallin tazara, ba Alt na hagu ba. Wanda aka nuna wa waɗannan uku da kyau ya huce rabin takaicin watan farko.

Sai babbar matsalar da ta shafe mu fiye da mutanen Yamai: yawancin kwamfutocin hannu na biyu da ke shigowa ta Kano allon QWERTY gare su, na Ingilishi, alhali an saka masu Windows na Faransanci. Ɗalibi ya koya a AZERTY, ya koma gida ya danna maɓallin da aka rubuta A ya ga Q, ya danna W ya ga Z, ya danna M ya ga waƙafi, sai ya ɗauki na'ura zuwa wurin mai gyara. Babu abin da ya lalace. A dubi ƙasan fuska ta dama kusa da agogo: in an ga FRA alhali allon na Ingilishi ne, a danna maɓallin Windows da na tazara a koma ENG. A kan QWERTY lambobi na fitowa kai tsaye, @ kuma Maj da 2 ce a tsarin Amurka. Cibiyar da ta ajiye allo ɗaya na QWERTY don ɗalibai su gwada duka biyun ta san garin da take aiki a ciki.

Bugu da yatsu goma kusan babu wanda ke koyarwa, kuma hasara ce ga mai son neman abinci da buga takardu. Tushensa ba wuya: yatsun hagu a Q S D F, na dama a J K L M, manuniya biyu a kan F da J, waɗanda ke da ɗan tudu don a gane su ba tare da an duba ba. Akwai manhajar kyauta mai suna Klavaro da ta san AZERTY, ba ta buƙatar intanet bayan an saka ta. Minti 15 a farkon kowane darasi ya isa a ga bambanci kafin kwas ya ƙare. Ka roƙi malam ya saka ta.

Yanzu ga ramin da ya fi kowane zurfi, wato ajiyar fayil. Ana gaggawar kai ɗalibi ga Word don a nan yake jin ya fara iyawa, sai a ce masa kawai ya danna Ctrl da S. Ya danna, akwati ya fito, ya buga Entrée, aikin ya tafi da sunan layinsa na farko zuwa wurin da bai duba ba. Washegari ya ce na'ura ta cinye masa takarda. Kamar wanda ya zuba hatsi a rumbu cikin duhu ne, hatsin na nan, rumbun ne bai sani ba. Abin da ya kamata a yi tun kafin a buga kalma ɗaya shi ne a buɗe Explorateur da maɓallin Windows da E, a shiga Documents, a ƙirƙiri dosiye, wato jakar ajiye fayiloli, da Ctrl da Maj da N, a ba shi sunan ɗalibi. Duk lokacin ajiya ta farko, ido ya tsaya a wurare uku na akwatin: wane dosiye, wane suna, wane irin fayil. A kuma bambance Enregistrer, da ke rubutawa a kan tsohon, da Enregistrer sous, da ke fitar da sabon kwafi ya bar tsohon yadda yake (a Word, F12 na buɗe shi). Rashin sanin wannan bambanci ne ke sa sakatare ya buɗe takardar bara, ya canza suna da kwanan wata, ya ajiye, ta bara ta tafi har abada. Abin da aka sauko da shi daga intanet yana Téléchargements. Abin da aka goge yana Corbeille, ana dawo da shi da Restaurer, sai dai fa abin da aka goge daga kile, wato ɗan makullin USB, ba ya biyawa ta can, ya tafi ke nan. Word na ajiye kwafin ceto kowane minti 10, amma kada a dogara da shi a garin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Ctrl da S bayan kowane sakin layi shi ne al'adar da za a kafa. Cibiyar da ba ta ba wannan darasi aƙalla zama uku ba, ta rage maka awo.

Word shi ne ƙarfin wannan kwas, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda yawancin malaman da buga takardun neman aiki da rahotannin ɗaliban Jami'ar André Salifou suke ci. Sun san tsarin wasiƙar hukuma, sun san tebur, sun san gefen takarda. Abin lura shi ne kada a gada daga gare su ɗabi'ar tura rubutu tsakiya da maɓallin tazara, ko sauka sabon shafi da buga Entrée sau goma. Takardar da aka gina haka tana watsewa da zarar an buɗe ta a wata na'ura. Akwai maɓallin tsakaita rubutu, sabon shafi kuma Ctrl da Entrée ne. Danna alamar ¶ da ke saman fuska yana tona duk tazarar da aka cusa, kuma hanya ce mai sauƙi ta gane aikin gwani. A duba girman takarda ya zama A4, don Word na Ingilishi yakan zo da girman Amurka, sai ƙasan shafi ya gurɓace wajen bugawa. Gajerun hanyoyi ma suna bin harshen manhaja: kaurara rubutu Ctrl da G ne a na Faransanci, Ctrl da B a na Ingilishi. Duk takardar da za a kai wani wuri a buga, a fitar da ita PDF tukuna.

Wani gibi da ya kamata a ce an toshe shi tuni shi ne rubutun Hausa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ɗalibi na gama kwas bai san yadda zai fitar da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, sai ya riƙa rubuta kasa a wurin ƙasa. A Word ana samunsu ta Insertion zuwa Symbole, kuma a cikin akwatin nan ana iya ɗaura wa kowanne gajeriyar hanya sau ɗaya a huta. Wanda ya fi son lamba: 0199 ce ta ƙ, 0257 ta ɗ, 0253 ta ɓ, 01B4 ta ƴ, a buga lambar a danna Alt da X, ko Alt da C a Word na Faransanci. In harafin da ke gaban lambar a ne, ko b, c, d, e, f, Word zai haɗa shi cikin lissafi ya fitar da wani abu daban, don haka a zaɓi lambar da linzami kafin a danna. Windows ma yana da allon Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe. Jan layin da ke fitowa ƙarƙashin kalmomin Hausa kuma ba kuskure ba ne, ƙamus ɗin Faransanci ne bai san su ba.

Excel ana taɓa shi ne sama-sama. Ana nuna zana tebur da shafa masa launi, a yi jimla ɗaya, a wuce. Alhali ga ɗan kasuwa ko malamin makaranta nan ne riba take. Mai shago ya sa sunan kaya a A, yawa a B, farashi a C, a D2 ya rubuta =B2*C2, ya ja ƙaramin ɗigon kusurwa zuwa ƙasa, a ƙarshe =SOMME(D2:D20). Kuskuren ƴan farko shi ne rubuta =12*350 da lambobin kansu; ranar da farashi ya canza, jimla ba ta motsi. Malamin aji na buƙatar =MOYENNE da irin =SI(E2>=10;"Admis";"Redouble"). Lura da waƙafi mai ɗigo a tsakani: haka na Faransanci yake so, na Ingilishi kuwa waƙafi zalla, kuma sunayen su ne SUM da AVERAGE da IF. Wanda ya kwafo dabara daga bidiyon Ingilishi zai ga #NOM? ya rasa dalili. Haka 12.5 da aya: na Faransanci na ɗaukarsa rubutu, ya manne shi hagu, ya tsallake shi wajen jimla, sai an rubuta 12,5. Jerin ##### ba ɓarna ba ce, gurbin ne ya yi ƙunci, a faɗaɗa shi. Masu hulɗa da Kano kuma su san Excel na yar da sifirin farkon lambar wayar Najeriya, sai an fara da alamar ' kafin lambar. Duk wannan bai wuce zama huɗu ba, kuma ya dace ka ce a ɗebo su daga lokacin PowerPoint, wanda ɗan farko zai iya koya da kansa a yini ɗaya in ya riga ya iya Word.

Darasin intanet shi ne ya fi rauni, sau da yawa don ana tsimin megabit. Ana buɗe wa ɗalibi Gmail, malam ya zaɓa masa kalmar sirri ya rubuta a takarda, shi ke nan. Kalmar sirrin da wani ya sani ba taka ba ce, ka canza ta a ranar. Lambar wayar da aka ɗaura wa akwatin ta zama wadda ba za ka yar ba, ko Airtel ce ko Moov ko Zamani, don ranar mantuwa ta nan lambar ceto za ta zo, kuma wannan lambar ba a karanta wa kowa ita a waya ko da ya ce daga kamfani yake. A na'urar da jama'a ke zama, in burauza ta tambaya ko ta riƙe kalmar sirri a ce a'a, a fita daga akwatin kafin a tashi. Rufe taga ba fita ba ne. Haka WhatsApp na kwamfuta, a cire shi daga waya bayan an gama. Sannan ɗalibi ya aika saƙo na gaske da hannunsa: adireshi a À, dalili a Objet, takarda a maƙala ta alamar ƙugiya. Gmail ba ya ɗaukar maƙalar da ta wuce mega 25, shafukan neman gurbin karatu ko aiki kuma sukan sa iyaka ƙasa da haka nesa, don haka a koyi ɗaukar hoton takardun shaida da na'ura a 200 dpi maimakon 600. Mai haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarsa ya shiga Paramètres, sashen Wi-Fi, ya kunna Connexion limitée, in ba haka ba sabuntawar Windows za ta share masa kuɗin mako cikin awa guda.

Kile kuwa, ka ɗauka duk na'urar da jama'a ke soka wa nasu tana iya ɗauke da cuta. Wadda ta fi yawo ita ce mai ɓoye dosiye ta bar gajerun alamu masu ƴar kibiya a madadinsu. Kada a danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin na'ura. Fayilolin na nan, ɓoye su aka yi. A na'ura mai tsabta, bayan an bincike kilen da riga-kafin Windows, a buɗe Invite de commandes a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in E ce harafin kilen, a kwashe abin da ya bayyana, a goge alamun bogi. Kafin a zare kile a danna Éjecter, musamman in yanzu aka gama kwafi. Mafi sauƙi ma, ɗalibi ya riƙa aika wa kansa aikinsa ta imel, tunda Google na ba da giga 15 kyauta.

Game da na'urorin kansu, tsufa ba laifi ba ne ga mai koyon linzami da Word. Amma Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025, don haka a na'ura mai Windows 7 a yi atisaye kawai, kada a shigar da kalmar sirrin da ake ji da ita. Ɗakin da ba a rufe na'urori lokacin hunturu, ƙura na toshe masu fanka, in bazara ta zo a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40 sai su riƙa mutuwa da kansu tsakiyar darasi. Ka sa hannu a bayan na'ura ka ji ko iska na fita. Ajin safe ya fi na azahar saboda wannan.

Takardar shaidar da ake bayarwa tana ƙawata dosiyen neman aiki, amma shaidar halarta ce, mai ɗaukar aiki kuma zai zaunar da kai gaban na'ura, sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka mako guda kafin ƙarshe, ka ce wa malam ya koma gefe ya naɗe hannu. Ka kunna na'ura, ka ƙirƙiri dosiye, ka buga wasiƙa mai shafi ɗaya da ƙ da ɗ a ciki, ka ajiye ta Word da PDF, ka yi teburin kaya biyar da jimla mai canzawa in an taɓa farashi, ka aika duka biyun zuwa imel ɗinka, ka kashe na'urar, ka sake kunnawa, ka nemo fayilolin ba tare da ka tambayi kowa ba. Duk matakin da ka tsaya, shi za a yi maka a makon da ya rage, kuma ka faɗi wannan sharaɗi tun ranar biyan kuɗi, zai fi kyau ma a raba biyan gida biyu.

Wanda ba shi da na'ura a gida ya tambaya ko tsofaffin ɗalibai na da rangwamen awa a wurin, don hannun da ya yi wata biyu bai taɓa allo ba yana komawa baya. Mai niyyar sayen ta hannu ta biyu ya nemi Core i5, RAM giga 8, da faifan SSD. In yana son Windows 11 ta hanyar da ta dace, injin Intel ya zama na ƙarni na 8 zuwa sama. A shagon ya buɗe Word ko Bloc-notes ya danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ya soka kile a kowace kafa, ya zare caja ya bar ta minti 20 yana kallon yadda batirin ke sauka, sannan a yi ciniki.